Zafin inji a hawa, zafin birki a gangara: abin da ya kamata direbobin hanyoyin Kafanchan su sani

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta tashi daga Kafanchan zuwa Jos ta Gidan Waya ya san abin da ake yawan gani a Hawan Kibo. Za a tarar da bas ko motar kaya a gefen titi, an buɗe murfin inji, tururi na tashi, yaron mota ya gangara da galan yana neman rafi, fasinjoji kuma sun jeru a kan duwatsu suna jiran ikon Allah. Masu saukowa daga Filato kuwa, abin da ke fara dukan hancinsu shi ne ƙaurin birki. Mota ta tafasa a hawa asarar lokaci ce da kuɗi, amma birki ya shanye a gangara sau da yawa asarar rai ce.

Matsalolin nan biyu tushensu ɗaya, wato zafi. A hawa inji ne ke ɗaukar zafin, a gangara kuma birki ne. Da wuya ɗayansu ya afku ba tare da mota ta ba da alama ba, wani lokaci tun kwanaki kafin ranar da za ta tsaya. Direban da ya san inda zafin ke fitowa, ya kuma iya karanta alamun, zai iya kauce wa mafi yawan lalacewar da ake gani a waɗannan hanyoyi, kuma da kuɗin da bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da kuɗin sauke inji.

Me ya sa hanyoyin yankin ke wahalar da mota?

Kafanchan, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Jama'a, gari ne da layin dogo ya raya. Tun shekarar 1927 ya zama mahaɗar jiragen ƙasa, inda layin da ya taso daga Fatakwal zuwa Kaduna ya yi reshe zuwa Jos. Yau jirgin ya daɗe da daina zama abin dogaro a wannan layi, don haka kayan da a da ake lodawa a tarago sun koma kan titi.

Titunan kuwa ba shimfiɗaɗɗu ba ne irin na Kano zuwa Katsina. Kafanchan na kan tudun da ya haura mita 700 daga doron teku, Jos kuma tana kimanin mita 1,200. Ko ta Gidan Waya aka bi, ko ta Kagoro da Manchok da Ganawuri zuwa Vom, dole mota ta hau wannan tazara, sannan ta sauko ta a dawowa. Hanyar Kaduna ta Zonkwa da Kachia, da ta Keffi ta Kwoi, su ma ba su rasa hawa da sauka da kwana-kwana ba.

Sai kuma lodi da yanayi. Kudancin Kaduna ne cibiyar noman citta a Najeriya, kuma duk da cutar da ta yi wa gonaki mummunar ɓarna a daminar 2023, da kaka motoci ne ke kwashe buhuna daga kasuwannin Kachia da Kwoi da Kafanchan. Wannan lokaci ya zo daidai da ƙurar hunturu, da kuma cunkoson matafiya na Kirsimeti da bikin Afan da ake yi a Kagoro ranar 1 ga Janairu. Damina kuma doguwa ce a yankin, daga Afrilu zuwa Oktoba, tana barin ramuka da laka da danshi. Mota a nan ba ta da wata guda na hutu.

Yawancin motocin da ke wannan aiki tsofaffin shigowa ne: Toyota Hiace, Volkswagen Sharan da Golf, Peugeot J5 da Boxer, sai manyan motocin kaya. J5, wadda aka fara ƙerawa a 1981 tare da 'yar'uwarta Fiat Ducato, tana cikin motocin da Turawa suka riƙa gina ɗaki a bayansu, da gado da madafa, domin tafiye-tafiyen hutu. Masu irin waɗannan motoci masu ɗaki sun daɗe da gane cewa motar da kullum take ɗauke da nauyi kusa da iyakar ƙarfinta, tana doguwar tafiya cikin duwatsu nesa da gareji, ba a kula da ita kamar ƙaramar motar zuwa ofis. Direban Kafanchan da ke kwana a cikin motarsa a tasha yana cikin hali irin nasu, sai dai lodinsa ya fi nasu nauyi.

Inda zafin inji ke fitowa

Inji wuta yake hurawa a cikinsa. A ƙiyasi, kashi ɗaya cikin uku ne kawai na ƙarfin man da aka ƙona ke juya tayoyi, kashi ɗaya ya fita ta salansa, ragowar kuma ya zama zafi a jikin ƙarfe, wanda ruwa ne zai ɗebe shi ya kai lagireto iska ta ɗauke. A hawa direba na taka totur sosai, ana ƙona mai da yawa, amma motar na tafiya a hankali, iskar da ke ratsa lagireto ba ta da yawa. Nan ne duk wani rauni da ke ɓoye yake bayyana.

Tudu ma na ƙara nasa. Iska na raguwa yayin da ake hawa, kuma injin da ba shi da turbo na rasa kimanin kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace mita 300. Ruwa kuma, wanda ke tafasa a digiri 100 a bakin teku, a tsayin Jos yana tafasa a wajen digiri 96.

Abin da ke hana ruwan mota tafasa ƙaramin abu ne da ba a cika kula da shi ba, wato murfin lagireto. Yana da sifirin da roba da ke riƙe matsi a cikin ruwan, kuma wannan matsi ne ke ɗaga ma'aunin tafasa zuwa wajen digiri 120. Idan robar ta tsage ko sifirin ɗin ya saki, ruwa zai tafasa ya zube ko da sauran kayan lafiyarsu lau. Motar da aka toshe bakin lagiretonta da leda ko tsumma ta riga ta yi asarar kariyar digiri kusan ashirin tun kafin ta bar tasha.

Na biyu shi ne tamostat, ƙofar da ke rufe hanyar lagireto har sai inji ya kai zafin aikinsa, galibi tsakanin digiri 80 da 90. Al'ada ce a garejoji da yawa a cire shi daga motar da ta shigo, a kuma haɗa fanka kai tsaye, bisa hujjar cewa don ƙasashe masu sanyi aka yi shi. Wannan fahimta kuskure ce. Injin da ba ya kai zafin aikinsa, musamman da sanyin safiyar hunturu, ya fi shan mai, fetur na tsiyaya ya gauraya da baƙin mai, rin da fistin na saurin cinyewa. A wasu injina ma tamostat ne ke rufe wata gajeriyar hanya da ruwa ke bi ya koma inji ba tare da ya ratsa lagireto ba. Idan aka cire shi hanyar na zama a buɗe, sai motar ta fi saurin yin zafi a hawa. Tamostat ɗin da ya lalace canza shi ake yi.

Na uku shi ne ruwan kansa. Ruwan rijiya da na rafi na ɗauke da laka da gishirin ƙasa, suna barin ɓawo a cikin ƙananan bututun lagireto kamar yadda suke yi a gindin butar shayi, suna kuma sa tsatsa ta ci famfon ruwa. Ruwan sanyaya inji na kanti, mai launin kore ko ja, wanda aka fi sani da kulant, yana da sinadarin hana tsatsa, kuma ya fi ruwa jure zafi. Idan larura ta sa an zuba ruwan rafi a hanya, a juye shi idan an iso gida. A kuma kiyaye, kulant guba ne mai zaƙi, kada a bar shi inda yara ko dabbobi za su kai gare shi.

Idan allurar zafi ta fara hawa

Lokacin da mota ke yin zafi shi ne ke nuna inda ciwon yake. Idan tana zafi a cunkoso ko a tsaye, amma tana hucewa da zarar an kama gudu, a duba fanka da fis ɗinta da wayoyinta. Idan lafiya take a cikin gari amma tana zafi a hawa ko a doguwar tafiya, mafi yawa lagireto ne ya toshe, ta ciki da ɓawo ko ta waje da ƙura da ƙaiƙayi da ƙwari, ko kuma famfon ruwa ne ya gaji. Idan allura ta hau cikin 'yan mintoci bayan an tayar da inji alhali lagireto na da sanyi, tamostat ne ya maƙale a rufe. Idan kuma fitilar batir ta kama a daidai lokacin da allura ta zabura, akwai yiwuwar fanbel ne ya tsinke, domin a motoci da yawa bel ɗaya ne ke juya altaneta da famfon ruwa.

Akwai alamar da ta fi waɗannan muni. Mota na shanye ruwa kullum ba a ga inda yake zuba ba, kumfa na tasowa a bakin lagireto, farin hayaƙi mai kauri na fita ta salansa ko bayan inji ya yi ɗumi, ko kuma baƙin mai ya koma kalar shayi da madara. Wannan gaskit ɗin kan inji ne ya ƙone. Ci gaba da ɗaukar fasinja a haka na iya lanƙwasa kan injin gaba ɗaya.

Abin yi a hanya a bayyane yake. A kashe na'urar sanyaya ɗaki, a sauko zuwa ƙaramar giya domin inji ya juya famfo da fanka da sauri ba tare da yana nishi ba. Idan na'urar ɗumama ɗaki na aiki a kunna ta, domin tana janye zafi daga ruwan inji. In allura ba ta sauka ba, a nemi fili a tsaya, ba a tsakiyar kwana ba, a sa waigi a taya, a ajiye alamar gargaɗi mai kusurwa uku da nisa. Idan ruwa na nan bai zube ba kuma fanka na juyawa, a bar injin yana aiki a hankali na ɗan lokaci. Idan kuwa tururi ya fito ko ruwa na kwarara, a kashe shi nan take.

Kada a buɗe murfin lagireto inji na da zafi. Ruwan da ke ƙarƙashin matsi zai yi tsartuwa ya ƙona fuska da hannu, kuma yaran mota ne suka fi shan wannan azaba. A jira aƙalla rabin sa'a, a rufe murfin da tsumma mai kauri, a murɗa kaɗan har iska ta gama fita. Kada kuma a kwara ruwan sanyi a cikin injin da ya bushe yana ƙuna, domin ƙarfe na iya tsagewa. Wani abin lura shi ne, allurar da ta hau sama sannan ta faɗo kwatsam ba albishir ba ce, sau da yawa ruwan ne ya ƙare har na'urar aunawa ta rasa abin da za ta auna.

Gangara da birki

Birki ba ya yin komai face mayar da gudun mota zuwa zafi ta hanyar guga. Misali, bas mai nauyin tan 3 da ta sauko gangarar mita 300 tana sakin ƙarfin da zai iya tafasa ruwa sama da lita 25, wato fiye da jarka guda. Idan direba ya bar wa birki shi kaɗai wannan aiki, mafi yawan zafin zai taru ne a cikin 'yan ƙarafan da ke jikin tayoyi. Idan aka ninka lodi, zafin ya ninka. Idan kuma aka ninka gudu, aikin tsayar da motar ya ninka sau huɗu.

Zafi na kashe birki ta hanya biyu. Ta farko, fad ko lainin birki na yin santsi idan ya ƙone, sai direba ya ji feda da tauri amma mota ba ta tsayawa. Ta biyu, man birki na tafasa, sai feda ta yi laushi ta nutse har ƙasa, domin tururi na matsuwa, ba kamar mai ba. Sabon man birki mai lambar DOT 3 ba ya tafasa ƙasa da digiri 205, mai lambar DOT 4 kuma digiri 230. Amma man birki na zuƙar danshi daga iska, kuma idan ya sha ruwa ma'aunin na iya faɗowa zuwa digiri 140 da 155. A yanki mai doguwar damina kamar kudancin Kaduna, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Shi ya sa masu ƙera motoci da yawa ke cewa a juye shi gaba ɗaya duk shekara biyu, maimakon a riƙa ƙari a kan tsoho. Gwangwanin da aka buɗe aka ajiye a mota wata da watanni shi ma ya riga ya sha danshi.

Tsohuwar ƙa'idar direbobin manyan motoci ita ce, giyar da za a hau tudu da ita, da ita ake saukowa. A sa giyar tun kafin a fara gangarawa, a bar inji ya riƙe mota, birki kuma a riƙa taka shi da ɗan ƙarfi na ɗan lokaci ana saki domin ya sha iska, maimakon a ɗora ƙafa a kansa tun daga sama har ƙasa. Mai mota otomatik ya mayar da ita 2 ko L. Motar gas mai birkin salansa kuma, wurin amfani da shi ke nan.

Tun da aka janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, tsadar mai ta ƙara jawo hankalin wasu direbobi ga sa mota a firi a gangara, wasu ma har su kashe inji. Wannan tsimi ne da ke iya cin rai. A firi inji ba ya riƙe mota ko kaɗan. Idan kuma aka kashe shi, na'urar da ke ƙara wa birki ƙarfi na daina aiki bayan taku biyu ko uku, sitiyari ya yi nauyi, a wasu motocin ma ya kulle. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, injin zamani mai nozil da kwamfuta yana yanke mai gaba ɗaya idan mota na gangarawa a cikin giya kuma ƙafa ba ta kan totur. A firi kuwa sai ya ci gaba da shan mai domin kada ya mutu. Ke nan ko ta fuskar tsimin ma, asara ce.

Manyan motoci masu birkin iska suna da tasu ƙa'idar. Ruwa na taruwa a tankunan iska, don haka a tsiyaye su kullum. Kada a tashi sai geji ya cika, kuma yawan taka birki ana saki ba dalili na zubar da iska fiye da yadda kwamfuresa ke mayarwa. A ƙananan motoci kuma, toshe bututun birkin tayar da ke yoyo domin a lallaɓa, kamar yadda wasu ke yi, na sa mota ta fizga gefe ɗaya ranar da aka taka da ƙarfi.

Da an ji ƙaurin birki, ko feda ta canza, a tsaya a wuri na farko da ya samu a bar shi ya huce da kansa. Watsa masa ruwa na iya lanƙwasa ko tsaga ƙarfen. Idan kuwa ya riga ya shanye, a riƙa taka feda da sauri ana saki, a sauko da giya ɗaya bayan ɗaya, a ja birkin hannu sannu a hankali, a danna ham, sannan a nemi goga gefen mota da gaɓar tudu tun gudu bai yi yawa ba.

Baƙin mai, ƙura da man sha

Baƙin mai ma na ɗebe zafi, ban da hana ƙarafa gugar juna. A auna shi a wuri mai daidaito, inji a kashe. Masu ƙera motoci na rage tazarar juye ga motar da ke aiki cikin ƙura da nauyi, kuma ga irin waɗannan tsofaffin motocin haya kilomita 5,000 ne ma'aunin da aka fi bi, tare da canza filta. Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, SON, ta sha kama jabun man inji a kasuwanni, saboda haka a sayi wanda ke cikin galan a rufe daga wurin da aka sani. Jar fitila mai hoton buta idan ta kama ana tafiya, umarni ne na a kashe inji nan take. Mintoci kaɗan sun isa inji ya buga.

Da hunturu filtar iska na toshewa da wuri, mota ta rasa ƙarfi ta ƙara shan mai. Cire ta gaba ɗaya ya fi barin ta a toshe illa, domin ƙura na shiga ta goge silinda kamar yashi. Launin hayaƙi ma bayani ne: baƙi na nufin mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan, a duba filta da nozil, shuɗi na nufin inji na ƙona baƙin mai, a duba rin ko turbo.

Man sha kuma ba duka ne mai tsabta ba. A watan Fabrairun 2022 hukumomi sun tabbatar da shigowar fetur mai yawan sinadarin metanol ƙasar nan, wanda ya lalata motoci ya kuma jawo dogayen layuka. Man 'yan bumburutu na iya zuwa da ruwa ko datti, kuma motar da ke shaƙewa a hawa alhali lafiya take a fili, sau da yawa filtar mai ce ta toshe ko famfon mai ya gaji. Masu motar gas su riƙa tsiyaye ruwan da ke taruwa a gindin filta. Da damina kuma, motar da ta mutu a cikin ruwa mai zurfi kada a sake yi mata ki sai an tabbatar ruwa bai shiga inji ba, domin ruwa ba ya matsuwa, zai lanƙwasa ƙarafan da ke riƙe fistin.

Batir, kwamfuta da taya

Lafiyayyen batir na nuna kimanin bolt 12.6 inji a kashe, sannan wajen 14 idan inji na aiki. Idan bai haura ba, altaneta ba ta caji. Kafin a yanke wa batir hukunci, a kankare farin garin da ke taruwa a kawunansa a ɗaure su tam. Motocin da aka yi wa kasuwar Amurka daga 1996, da masu fetur na Turai daga 2001, suna da wata kafa a ƙarƙashin sitiyari inda ake jona na'ura ta karanto abin da kwamfutar mota ta gani. Cire ƙwan fitilar gargaɗi ko liƙe ta da baƙar roba ba ya warkar da komai.

Taya ma zafi ne ke fasa ta, musamman idan iska ta yi kaɗan lodi ya yi yawa. A auna iska da safe taya na da sanyi. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu na ranar ƙira: 2321, misali, na nufin mako na 23 na shekarar 2021. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, ta sha gargaɗin a guji tayar da ta wuce shekara huɗu da ƙerawa, ko da zanenta bai cinye ba.

Nauyin da ke kan kowa

Dubawar safe ba ta wuce minti goma. Kafin a tayar da inji a leƙa ƙarƙashin mota ko akwai ɗigo, a duba ruwa da baƙin mai da man birki, a matsa tiyo a ji ko ya yi taushi ko ya tsattsage, a duba bel, a zagaya tayoyi har da safaya. Bayan an tayar, a tabbatar fitilun gargaɗi sun kama sun mutu, a gwada birki kafin a shiga layin lodi. A cikin mota kada a rasa jarkar ruwa mai tsabta, da fanbel, da fis, da tocila, da na'urar kashe gobara. Ƙaramin littafi da ake rubuta ranar juye da adadin kilomita da abin da aka canza yana taimakon makanike fiye da dogon bayani.

Sai dai ba direba kaɗai ke da alhaki ba. Direba da yawa ba shi ne mai mota ba, kuma idan mai mota ba ya son jin komai sai balas ya cika, direba zai ɓoye matsala ya ci gaba da lallaɓawa. Mai motar da ya hana kuɗin murfin lagireto da man birki, shi ne zai biya kuɗin inji, ko abin da ya fi haka. Makanike kuma amana ce a wuyansa ya faɗi gaskiyar abin da ya gani, ko da mai mota na gaggawa. Shugabannin ƙungiyar direbobi ta NURTW a tashoshi na da ikon hana motar da ba ta da lafiya yin lodi, kuma fasinja na da haƙƙin yin magana idan ya ga an sa mota a firi a gangara ko an yi lodin da ya wuce kima.

Akwai kuma batun tsaro. A halin da ake ciki, mota ta mutu da dare a dajin da ke tsakanin Kachia da Kaduna, ko a wani wuri nesa da gari, ba batun gyara kaɗai ba ne. Direban da ya ga allura na wasa tun daga Zonkwa da la'asar, gara ya tsaya a gari a duba, ko da zai mayar wa fasinja wani abu daga kuɗinsu. Hausawa sun ce da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Wanda kuma tsautsayi ya rutsa da shi a hanya, lambar kiran gaggawa ta FRSC ita ce 122, kuma kyauta ce.